Wanda Ya Guje wa Lissafi Don Ya Yi Fim, a Bayan Kamara Zai Tarar da Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan Maraɗi, na haura shekara 20 ina riƙe da alli, kuma a ƴan shekarun nan babu maganar da na fi ji daga bakin yaran da darasina ya gundura kamar wannan: “Mushe, ni fim zan yi, ina ruwana da lissafi?” A da, yaro kan ce kasuwa zai shiga, ban kuma cika jayayya da shi ba, domin ɗan kasuwar garin nan da zai dubi farashin sefa 3,750 ya ce maka jaka uku da dala ɗari da hamsin ba tare da ya taɓa takarda ba, ya riga ya iya rabawa da biyar fiye da wasu ɗalibaina. Amma mai cewa ya bar lissafi don ya yi fim, wannan gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago, kuma da idona na ga hakan, a cikin dangina.

Ɗan ƙanwata ya faɗi jarrabawar BEPC, ta kammala kwaleji, sau biyu, lissafi ne kuma ya kayar da shi duka biyun. Ya ajiye littattafai ya shiga cikin wasu samari masu shirya gajerun fina-finai suna sawa a YouTube. Wani dare a cikin hunturu ya gayyace ni in ga aikinsu a wani gida, ina jin don ya nuna mini cewa akwai duniyar da babu ruwanta da allona. Suna ɗaukar wata fitowa ce ta uwar miji da surukarta a tsakar gida. Aka ba ni benci da kofin shayi, na zauna gefe na yi shiru. Fitilarsu guda ce a kan ƙarfe, kimanin mita 2 daga fuskar tsohuwar, sai darakta ya ga ƙafar ƙarfen ta leƙo cikin hoto, ya ce a ja ta baya. Yaron nan ya ja ta zuwa kimanin mita 4. Fuskar tsohuwa ta yi duhu. Ya ce ai tunda nisa ya ninku, haske ya ragu da rabi ke nan, a aro fitila ta biyu a maƙwabta. Aka kawo, aka kunna, fuskar dai ba ta koma yadda take ba. Wani ya ce gurup ne ba ya ba da wuta sosai, wani ya ce ƙwan fitilar ne ya tsufa, ita kuwa tsohuwar da ake ɗauka ta ja mayafi ta ce in ba su shirya ba a sallame ta, sanyi yana shiga ƙashinta.

Nan na ce musu fitila huɗu suke bukata, ba biyu ba. Yaron ya dube ni ya ce, “Kawu, kai ma ka san fim ne?” Na ce ban sani ba, amma a ba ni tsinke. Na zana musu a ƙasa yadda haske yake barin fitila yana buɗewa ta tsawo da ta faɗi a lokaci guda, ta yadda hasken da ya cika tabarma ɗaya a mita 2, in ya kai mita 4 sai ya watsu a kan filin tabarma huɗu, domin biyu sau biyu huɗu ne. Da sun ja ta nisan ya ninku uku, da kashi ɗaya cikin tara na hasken ne zai rage. Wannan ba wani abu ba ne illa ninka lamba da kanta, darasin da yaron yake barci a cikinsa shekara biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya, domin a nan ne maganar ta tashi daga gyaran kuskure ta koma ta fasaha. Daraktan, wanda yaro ne mai kaifin kai, ya tambaye ni abin da zai faru in mutum biyu ba nisansu ɗaya da fitila ba. Na ce idan ɗaya tana mita 1, ɗayar tana mita 2, ta kusa za ta sami ninki huɗu na hasken ta nesa. Idan kuwa aka kai fitila can baya, ɗaya tana mita 5, ɗayar tana mita 6, bambancin zai zama na 36 da 25, wanda ido ba zai damu da shi ba, duk da cewa tazarar da ke tsakaninsu mita ɗayan nan ce ba ta sauya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce to shi abin da yake so a wannan fitowa shi ne a ga uwar miji ta cika gida, suruka kuma kamar babu ita. Ya sa aka matso da fitila dab da tsohuwar ta gefe, ya bar yarinyar a bakin duhu. Na ga hoton daga baya, kuma ko ba a ji abin da suke faɗa ba, an san wa ke da iko a gidan. Lissafi bai gaya masa abin da zai faɗa a kan uwar miji ba, wannan daga cikinsa ya fito, amma ya nuna masa inda zai ajiye fitila maganarsa ta fita.

Tun daga ranar na shiga duba kayan aikinsu da idon malami. A jikin gilashin kamara akwai wasu lambobi a jere: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Samarin sun haddace su kamar karatu, sun san cewa in lamba ta yi girma hoto ya yi duhu, amma babu wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa ba a rubuta 1, 2, 3, 4 ba. Dalili shi ne kafar da haske ke bi ya shiga kamara zagayayya ce, girman filin da'ira kuwa yana tafiya ne da faɗinta sau faɗinta. Wanda yake son rage haske da rabi daidai, sai ya raba faɗin kafar da lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da 2, wato kusan 1.4. Shi ya sa kowace lamba a jerin, in ka ninka ta da 1.4, za ka sami kusan ta gaba da ita. Da yaron nan ya san haka a wancan dare, da bai je aron fitila ba, da ya sauko daga 5.6 zuwa 2.8, mataki biyu, hasken ya dawo ninki huɗu. Sai dai kowane zaɓi da kuɗinsa, domin in aka buɗe kafar sosai, duk abin da ke bayan jarumi yakan koma dishi-dishi. Wani darakta haka yake so, don mai kallo ya manta da duniya ya tsaya a kan fuskar mai kuka. Wani kuma yana so a ga kishiya tsaye can bakin ƙofa tana saurare, kuma dole ta fito sarai.

Haka maganar lokaci take. Fim ba ya motsi, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ruɗu. Tun da fim mai sauti ya kankama a ƙarshen shekarun 1920, silima ta tsaya a kan hoto 24 a kowane sakan. Talabijin ɗinmu da na Najeriya hoto 25 suke tafiya da shi, saboda wutar lantarkinmu tana kai da komowa sau 50 a sakan, a Amurka kuwa, inda take yi sau 60, hoto 30 suka ɗauka. Fim na minti 90 a kan 25 hoto 135,000 ne cur. Wannan yana da nasaba da wani abu da ke ɓata fina-finan yaranmu da yawa, wato baƙaƙen zane da ke gilmawa a hoton da aka ɗauka cikin ɗaki da dare. Fitila irin mai dogon ƙwai tana ƙifta ido sau 100 a sakan, ko da mu ba ma gani. Idan kamara tana ɗaukar hoto 25, tana buɗe ido na kashi ɗaya cikin 50 na sakan, kowane hoto yana samun bugun haske biyu cif, babu wanda ya fi wani. Wayoyin salula kuwa yawancinsu a kan 30 suke zuwa, 100 kuma ba ta rabuwa da 30 sai da saura, kuma wannan sauran ne yake fitowa a hoto yana rawa. Rabawa mai saura darasin firamare ne, amma na ga babban mutum yana shirin sayar da wayarsa saboda shi, wai ta lalace.

Masu haɗa hoto a kwamfuta su ma ƙirga suke yi, ko sun sani ko ba su sani ba. Fina-finanmu na Hausa ba sa rabuwa da waƙa, mai kallo kuma yana jin daɗi ne idan hoto ya sauya a daidai inda kiɗa ya faɗi. A minti ɗaya akwai hoto 1,500. Waƙar da kiɗanta ke bugawa sau 100 a minti, kowane bugu hoto 15 ne, sai mai haɗawa ya yanka a 15, ko 30, ko 60, rawa ta zauna daram. Wadda ke bugawa sau 120 kuwa, kowane bugu hoto 12 da rabi ne, babu kuma rabin hoto, don haka sai ya riƙa yankawa a kan bugu biyu-biyu, wato 25. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin marubutan waƙoƙinmu sun daɗe suna auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi a kan ma'aunin aruli, wanda Khalil ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8 ta hanyar zana da'irori, kuma babu wanda ya taɓa cewa ƙirgen ya rage wa waƙa daɗi.

Mu ƴan Nijar muna da abin tunawa a tarihin fim ɗinmu. Jean Rouch, Bafaranshen mai shirya fim wanda ya yi aiki da Umaru Ganda tun kafin Ganda ya zama darakta ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, injiniyan hanyoyi da gadoji ne, aikin da ya fara kawo shi ƙasar nan ke nan a 1941, kuma a kan hanyar ƙasar nan ya rasu, kusa da Birnin Ƙonni, a 2004. Kamarar da ya fara aiki da ita irin wadda ake wanawa ce kamar tsohon agogo, ba ta kai rabin minti take tsayawa sai an sake wana ta. Mutumin da ke da ƴan sakan ƙalilan a hannu dole ya san inda zai tsaya, da abin da zai fara da shi, da abin da zai bari, tun kafin ya danna. Ina ganin yaranmu da ke da memori mai ɗaukar sa'o'i sun yi asarar wannan horo, domin sukan kunna kamara su bar ta tana ta zuba, sannan su je su yi kwana uku suna neman fim a cikin tarin abin da suka kwaso. Shi kuwa Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa ya kuma rasu a 2015, yana cikin na farko a Afirka da suka yi fim na zane, har da wanda ya yi da kwaɗi a 1966. Mai irin wannan aiki, ko da zai bar kowane zane ya tsaya na hoto biyu, zane 12 yake bukata a sakan, wato 3,600 a minti 5, kuma shi ne zai yanke yawan zanen da tsalle ɗaya zai ci: in ya yi kaɗan kwaɗo ya zabura, in ya yi yawa ya yi nauyi kamar mai jin barci. Dariyar mai kallo a kan wannan ƙirge take rataye.

Akwai kuma lissafin da ba a gani, wanda ba don shi ba da masu tura fim a kasuwa ba su da sana'a. Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin 1,080 yana da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo kuma da lambobi uku na ja da kore da shuɗi. In aka ajiye su yadda suke, sakan ɗaya zai ci kusan megabait 155, sa'a ɗaya kuma ta haura gigabait 500, ga shi kuwa ana tura wa mutum fim sukutum a waya a ƙasa da gigabait ɗaya. Asalin dabarar tana komawa ga Bafaranshe Joseph Fourier, wanda ya nuna a littafinsa na 1822 cewa ana iya warware abu mai sarƙaƙiya zuwa tarin igiyoyi masu hawa da sauka, sannan Nasir Ahmed, haifaffen Indiya da ke aiki a Amurka, shi da abokan aikinsa suka fito da wata hanya a 1974 da ake bi a yayyanka hoto ƙananan murabba'ai, a riƙe abin da ido ya fi kula da shi a zubar da saura. Wannan ma ya shafi darakta kai tsaye. Wurin da wannan matsi ya fi yi wa ɓarna shi ne duhu, da ƙura, da ruwan sama, da atamfa mai ƙananan zane tana motsi. Fitowar da ta yi kyau a kwamfutar mai haɗawa, in ta isa wayar mai kallo a Gidan Rumji bayan an tura ta hannu uku, sai a ga fuska ta farfashe gida-gida. Wanda ya san inda fim ɗinsa zai ƙare, tun a wurin ɗauka zai ƙara haske ya kuma zaɓi tufafin jarumarsa.

Ba na so a fahimce ni a baibai. Ban ce lissafi yana ƙirƙirar labari ba, kuma ina da shakka a kan masu yawo da lambar nan 1.618 suna cewa ita ce sirrin duk wani kyau a duniya, domin mai neman ta da gangan zai same ta ko a jikin ƙofar shago. Ƙa'idar raba hoto gida uku a ajiye jarumi a kan layi tana da amfani ga mai koyo, amma in kowa ya bi ta ido rufe, fina-finai sukan zama kamar an buga su da hatimi ɗaya. Haka ƙa'idar digiri 180, wadda ta ce a ja layi tsakanin masu magana biyu kamara ta tsaya a ɓangare ɗaya, don kada mai kallo ya ga kamar dukansu gefe guda suke duba. Gwani yakan tsallake layin da gangan in yana so mai kallo ya rikice tare da jarumin. Bambancinsa da ɗan koyo shi ne ya san akwai layin.

Laifin wannan gudu da yara ke yi, kaso mai yawa namu ne mu malamai, ban kuma cire kaina ba. Muna koyar da lissafi cikin harshen Faransanci ga yaron da ke tunani da Hausa, mu cika allo da haruffa, mu goge, mu ce gobe akwai gwaji. Shekara da shekaru ina koyar da ƙa'idar Tales da zanen layuka biyu da suka gitta juna, ban taɓa kawo komai aji ba sai alli. Bayan wancan dare na sami kwalin sabulu mai zurfin santimita 20, na huda shi da allura a gefe ɗaya, na manna farar takarda mai shara-shara a ɗaya gefen, na fita da ƴan ajina tsakar makaranta da hantsi. Na tsayar da mafi tsawonsu, mai mita 1.8, a nisan mita 6, na ce kowa ya lissafa tsawon hoton da zai fito kafin mu duba. Waɗanda suka yi daidai sun sami santimita 6. Muka lulluɓa da zane muka leƙa, ga shi nan kansa a ƙasa ƙafafu a sama, muka aza ma'auni ya ba mu kusan abin da muka lissafa. Ihun da yaran nan suka yi har sai da mai gadi ya leƙo. Na gaya musu cewa Ibnul Haisam ya yi bayanin wannan ɗaki mai duhu a littafinsa na ilmin gani a Misira shekara dubu da suka wuce, cewa kalmar aljabara daga littafin Alkhawarizmi na Bagadaza ta fito, cewa kuma wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya rubuta littafi a kan jadawalin lambobi a 1732 kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Mu da sarautar garinmu take amsa sunan Katsina, bai kamata yaro ya ce mini lissafi kayan baƙi ne ba.

Roƙona ga ƴan'uwana malamai shi ne mu shigo da kamara aji, ko da ta waya ce, tunda ita ce abin da yaran suke so. Ina kuma kira ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke garin nan, wadda take da sashen kimiyya, ta duba yiwuwar shirya wa masu fim na Maraɗi ɗan gajeren horo da Hausa a kan haske da sauti da lokaci, ba tare da an tambaye su takardar shaidar karatu ba, domin da yawansu takardar ce ta kore su tun farko. Su kuma masu fim, waɗanda suka daɗe a sana'ar, su daina ce wa yara wannan aiki baiwa ce kawai. Ni kaina a shirye nake in ba da safiyar Asabar ga duk ƙungiyar da ta nema, ba da ko dala ba.

Ɗan ƙanwata bai koma makaranta ba, ban kuma matsa masa ba. Amma a watan jiya ya zo gida da wata matsala. Sun ɗauki fim a kwance, mai awon 16 da 9, yanzu suna so su yanko wani yanki su sa a TikTok a tsaye, mai awon 9 da 16, sai suka ga duk inda mutum biyu ke hira, ɗaya ne kawai yake shiga. Ya ce in gaya masa faɗin da zai rage. Na miƙa masa biro da bayan ambulan na ce tsayi 1,080 ne, ya nemo sauran. Ya zauna a kan tabarma ya fi minti goma, ya soke, ya sake, sannan ya ɗago ya ce 607 da rabi, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku na 1,920 ba. Ya ce ashe in suna son yin amfani da hoto ɗaya a wuri biyu, sai su riƙa matso da ƴan wasa kusa da juna tun a wurin ɗauka. Ya ninke ambulan ɗin ya sa a aljihu, ya ce zai kai wa darakta.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.